Yadda ake tsara karatu da hidimar gida a iyali mai yara da yawa da ke koyarwa a gida

Iyayen da suka zaɓi su koyar da 'ya'yansu a gida, kuma Allah ya ba su yara da yawa, ya kamata su fara da wani lissafi mai sauƙi kafin su sayi littafi ko ɗaya. A ce yara 6 ne suka kai shekarun karatu, kowannensu yana da darussa 5 a rana, kuma kowane darasi yana buƙatar uwa ko uba su zauna da yaron na minti 30. Jimillar wannan awa 15 ce a kowace rana, ba a kuma sa girki da wanki da rainon ƙarami a ciki ba. Babu mutumin da zai iya ɗaukar wannan nauyi, kuma duk tsarin da aka kwaikwayo daga makaranta, inda kowane aji yake da malaminsa da ƙararrawarsa, zai rushe tun makonnin farko. Abin da ake rabawa a irin wannan gida shi ne lokacin mai koyarwa da natsuwarsa, don haka a kansu ya dace a gina tsarin shekara da na mako da na yini.

Akwai abu ɗaya da ke gaban wannan duka, wato dokar ƙasar da ake zaune a ciki, domin ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. A Jamus wajibi ne yaro ya halarci makaranta, kuma ba a yarda da koyarwa a gida ba sai a wasu yanayi ƙalilan. A Faransa, tun daga shekarar karatu ta 2022, sai iyaye sun nemi izinin hukuma. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro yana samun cikakken ilimi, ko a makaranta ko ta wata hanya. A Amurka dukan jihohi 50 sun yarda da koyarwa a gida, sai dai kowace da sharuɗɗanta: New York tana so a miƙa mata tsarin karatun shekara da rahoto sau 4 a shekara, Texas kuwa ba ta ma buƙatar a sanar da ita. A bincika abin da ake nema a rubuce, kamar adadin kwanaki ko darussan dole ko jarrabawar shekara, domin tattara shaidar karatun yara 6 bayan shekara ta wuce aiki ne mai wuyar gaske.

Tsarin shekara

Wurare da dama suna ɗaukar kwana 180 a matsayin shekarar karatu, wato mako 36 na kwana 5. Hanyar da ta fi dacewa da babban iyali ita ce a yi karatu mako 6 a huta mako 1, a maimaita hakan sau 6. Wannan ya cinye mako 42, ya bar mako 10 na dogon hutu da bukukuwa da tafiye-tafiye da kuma abin da ba a zata ba. Makon hutun nan yana da aikinsa: a cikinsa ake ganin likita, a gyara kayan karatu, a tsara zango na gaba, mai koyarwa kuma ya sarara. Dole ne a bar sarari mai yawa, saboda mura da za ta ɗauke wa ƙaramin iyali kwana 3 tana iya zagaya babban gida yaro bayan yaro har ta shafe mako 2 ko fiye.

Bayan haka sai a ɗauki littafin kowane darasi a raba shi bisa makonnin. Idan littafin lissafi yana da darussa 120, darasi 4 a mako zai ƙare shi cikin mako 30, ya bar mako 6 na bita da kuma wuraren da yaro zai cije. Kada a rubuta ranar wata a gefen kowane darasi. A rubuta lamba kawai, domin da zarar an rasa kwana 2 jadawalin mai ranaku ya zama ƙarya, kuma mai koyarwa zai riƙa kallonsa yana jin an bar shi a baya alhali karatun yana tafiya daidai.

Abin da za a haɗa da abin da za a raba

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin, kuma a nan ne awa 15 ɗin nan ke komawa abin da mutum zai iya. Darussa iri biyu ne. Akwai waɗanda ake hawa mataki bayan mataki, kamar koyon karatu da rubutu da lissafi da nahawu, inda yaron da bai iya ninkawa ba ba zai fahimci rabawa ba ko da an zaunar da shi kusa da yayansa shekara guda. Waɗannan sai an bi kowane yaro a matakinsa. Akwai kuma waɗanda ba su da tsani irin wannan, kamar tarihi da labarin ƙasa da adabi da sanin tsirrai da dabbobi da ilimin addini, waɗanda ɗan shekara 7 da ɗan shekara 13 za su iya sauraro tare, kowa ya ɗauki gwargwadon hankalinsa. Duk abin da ya faɗo cikin kashi na biyu a haɗa yaran a koyar da shi sau ɗaya.

Misali zai fi bayyana yadda ake yi. A ce batun makon shi ne Kogin Nilu. Mai koyarwa zai karanta wa kowa da kowa, ya nuna a taswira yadda kogin ke gangarawa arewa, da yadda manyan rassansa biyu ke haɗuwa a Khartoum, da inda yake zuba a Bahar Rum. Daga nan aikin ya rabu. Ɗan shekara 6 zai zana kogin ya faɗi abu biyu da ya ji. 'Yar shekara 9 za ta maimaita labarin da bakinta sannan ta rubuta jimloli biyar. Ɗan shekara 12 zai zana taswirar da kansa ya sa sunayen ƙasashen da kogin ya ratsa. Babbar kuwa za ta karanta ƙarin bayani ita kaɗai, ta rubuta shafi guda kan dalilin da ya sa ƙasashen da ke raba ruwan kogin suke samun saɓani. Shiri ɗaya aka yi, littafi ɗaya aka buɗe, kuma da yamma yaran suna da abin tattaunawa a tsakaninsu domin duka abu ɗaya suke koyo.

Iyalai da yawa suna tsara tarihi a zagaye na shekara 4: zamanin da, tsakiyar zamani, farkon zamanin yanzu, sai na baya-bayan nan. Duk yaron da ya kai shekarun karatu sai ya shiga inda aka kai, ba a koma farko dominsa, tunda zagayen zai dawo. Wanda ya fara yana da shekara 6 zai ratsa tarihin sau 3 kafin ya kai 18, kowane karo da zurfin da ya fi na baya.

Ko a darussan mataki ana iya rage aiki ta hanyar haɗa yara biyu da matakinsu ya yi kusa. Sai dai a kula da abu ɗaya: idan ƙani ya fara wuce wansa a lissafi, a raba musu littattafai daban-daban, ta yadda babban ba zai riƙa ganin gazawarsa shafi da shafi kullum ba. Yaron da ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne yana da wuyar dawowa, kuma 'yan mintocin da haɗin ya tanada ba su kai wannan asara ba.

Tsarin yini

A tsara yini bisa jeri, wato wannan na bin wannan, maimakon bisa agogo. A gidan da akwai goyo da ɗan yaye, jadawalin da ya ce lissafi ƙarfe 9:15 zai karye kafin ƙarfe 10, amma jerin da ya ce bayan karin kumallo sai gyaran ɗaki, bayan gyaran ɗaki sai zaman haɗin gwiwa, yana jure jinkiri. Ana buƙatar lokuta uku ko huɗu kawai da ba sa motsi, kamar lokacin tashi da na cin abinci da na barcin ranar ƙanana da na kwanciya, sauran abubuwa kuma su jeru a tsakaninsu.

A fara da ƙananan da ba su kai karatu ba. Minti 10 ko 15 na ba su labari ko waƙa ko wasa a kan cinya tun da safe yana rage rigimar da za su yi daga baya, domin yawancin kukan ɗan shekara 2 a lokacin darasi neman kulawa ne da bai samu ba. Daga nan sai zaman haɗin gwiwa na minti 30 zuwa 45, inda ake karatu a bayyane da hadda da darasin da aka haɗa na ranar. Manyan da ke da aiki mai yawa ana iya sallamarsu bayan rabin farko.

Sai kuma sashen da ya fi muhimmanci, wato zaman ɗaya bayan ɗaya. Mai koyarwa ya zauna wuri guda, yara su riƙa zuwa bi da bi, kowa minti 15 zuwa 20. Yayin da ɗaya yake gabansa, na biyu yana aikin da zai iya shi kaɗai, kamar kwafin rubutu ko atisayen lissafi, na uku yana wasa da auta, na huɗu yana karatunsa, sannan a juya. A kafa doka tun ranar farko cewa ba a katse zaman wani: wanda ya maƙale ya sa alama a wurin, ya wuce zuwa tambaya ta gaba, ya jira nasa lokacin. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma uwar da ke bayyana wa wannan kason lissafi tana amsa wa wancan tambayar nahawu ba ta koyar da ko ɗayansu yadda ya kamata. Gajartar zaman ba aibi ba ce. Malamar nan 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta gina koyarwarta a kan gajerun darussa ga ƙananan yara, da sharaɗin cewa yaro ya ba da dukan hankalinsa a cikinsu, sannan ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Darasin da malami ke yi wa aji guda cikin minti 40 yakan ƙare da wuri idan yaro ɗaya ne a gaba, tunda babu kiran suna, babu jiran wasu su gama.

Wa za a fara da shi? A ra'ayina, yaron da ke koyon karatu shi ne ya fi cancantar lokacin da mai koyarwa ya fi kuzari, kuma zamansa shi ne wanda ba a tsallakewa ko da ranar ta lalace. Dalilin a fili yake. Yaron da bai iya karatu ba yana buƙatar babba a kowane darasi, har a karanta masa tambayar lissafi. Ranar da ya iya karanta umarni da kansa, rabin aikinsa ya sauka daga wuyan uwarsa, kuma lokacin da aka samu ya koma ga ƙaninsa. Minti 15 a kullum, kwana 5 a mako, ya fi awa guda sau ɗaya a mako nesa ba kusa ba, domin sautin haruffa da haɗa su abu ne da ke zama ta yawan maimaici a rarrabe. Iyalin da ya yi sakaci da wannan don ya kammala manhajar kimiyya ta manya zai wayi gari da yara biyu ko uku da ba sa iya aiki su kaɗai, kuma a lokacin tsarin gaba ɗaya zai cushe.

Darussan da ba na kullum ba, irin su zane da gwaje-gwajen kimiyya da waƙoƙi da taswira, su ne ke fara ɓacewa idan an ware musu rana. Idan an ce zane ranar Alhamis, kuma Alhamis uku a jere wani abu ya taso, an yi kusan wata ba a yi zane ba. Maganin shi ne a rubuta su a jeri guda, a ware musu lokaci ɗaya a yini, kullum a ɗauki na gaba a jerin, in an kai ƙarshe a koma farko. Ranar da aka rasa ba ta cinye darasin kowa ba, ta dai jinkirta shi zuwa gobe.

Kowane yaron da ya iya karatu ya sami ƙaramin littafi da ake rubuta masa aikin gobe tun da dare, yana gamawa yana sa alama. Wannan yana ɗaukar 'yan mintoci ga kowane yaro, kuma yana kashe tambayar nan ta "me zan yi yanzu" da ke cinye safiya. A duba aikin lissafi a ranar da aka yi shi, domin kuskuren da ya kwana mako guda ya riga ya zama ɗabi'a. Manya suna iya duba nasu da littafin amsoshi, amma iyaye su riƙa ɗaukar shafi nan da can suna gani da idonsu.

Taimakon manya da iyakarsa

Sa manyan yara su koyar da ƙanana tsohuwar dabara ce. A wajen 1800 Andrew Bell da Joseph Lancaster sun shahara da tsarin da malami guda ke koyar da manyan ɗalibai, su kuma su koyar da na ƙasa da su, har makaranta mai ɗaruruwan yara ta tafi da malami ɗaya. A gida ma yana da amfani: yaron da ya saurari karatun ƙanwarsa ko ya yi mata tambayoyin jadawalin ninkawa yana ƙarfafa nasa sanin, kuma zumunci yana ƙaruwa.

Amma wannan wuri ne da ake zaluntar yara ba tare da an lura ba, musamman 'yar fari. Saboda tana da hankali kuma ba ta ƙorafi, sai a riƙa miƙa mata goyo duk lokacin da ya yi kuka, a kira ta daga kan littafinta sau biyar kafin azahar, har ta kai shekara 15 karatunta ya koma abin da take yi in ta sami sarari. Ita ma ɗaliba ce, kuma iyayenta ne suka ɗauki alƙawarin koyarwa, ba ita ba. A ƙayyade taimakon kowane babban yaro, misali minti 20 zuwa 30 a rana, a rubuta shi a jeri kamar kowane aiki, a raba shi tsakanin maza da mata daidai, kuma a ba shi bita da sauraro kawai. Sabon darasi aikin iyaye ne. Idan aka ga tsarin ba ya tafiya sai da awanni na aikin babbar 'ya, to tsarin ne ya yi nauyi, kuma shi za a rage.

Hidimar gida kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. A ba kowane yaro yanki guda, kamar wanke-wanke ko shara ko ninke tufafi, ya riƙe shi zango guda domin ya ƙware kuma a san wanda za a tambaya. A tsara abincin mako tun kafin makon ya shiga. Kowane yaro ya sami akwati ɗaya da littattafansa da fensirinsa ke kwana a ciki, kuma a yi minti 10 na kintsa wuri kafin abincin rana. Bayan abincin a kafa awa guda ta shiru ga kowa, ƙanana su yi barci, manya su yi karatu, mai koyarwa ya huta, kuma kada a mai da wannan awa lokacin cike gibin darasi.

Idan aka yi haihuwa, ko ciwo ya daɗe, ko ana ƙaura, a koma ga ƙaramin tsari da aka tanada tun da wuri: karatu da lissafi ga kowa, sai littafi guda da ake karanta wa duka. Mai jego tana iya yin wannan daga inda take zaune, uba ko wani babba ya ɗauki duba lissafi da dare, kuma makonnin da aka bari a lissafin shekara saboda irin wannan lokaci aka bar su.

Matasa da yaron da ba a jin muryarsa

Daga shekara 13 zuwa sama lamarin yana canjawa. Matashi yana buƙatar wuri mai shiru nesa da hayaniyar ƙanne, da barcin awa 8 zuwa 10 kamar yadda likitocin barci ke ba da shawara, da kuma tsarin da aka fara lissafinsa daga ƙarshe. A gano jarrabawar da zai buƙata domin shiga jami'a ko koyon sana'a, a samo manhajarta, a ƙirga shekarun da suka rage a raba aikin a kansu. Jarrabawa irin IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa, ana iya rubuta ta ba tare da makaranta ba, amma sai an sami cibiyar da za ta karɓi ɗalibi mai zaman kansa, kuma neman cibiyar, musamman ga darussan kimiyya masu gwajin aiki, abu ne da ake farawa tun da sauran lokaci mai yawa. Inda darasi ya fi ƙarfin iyaye, a nemi malami ko aji ta intanet ba tare da jin kunya ba. Yawan 'yan'uwa kuma ba ya maye gurbin abokai: kowane yaro yana buƙatar sa'o'insa a wajen gida, ta hanyar wasanni ko ƙungiya ko haɗuwa da wasu iyalai, kuma hakan yana taimakawa wajen cika minti 60 na motsa jiki a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara ga yara masu shekara 5 zuwa 17.

A kowane makon hutu iyayen su zauna su bi yaran ɗaya bayan ɗaya da suna, da littattafansu a gaba, su tambayi abin da kowa ya iya yanzu wanda bai iya ba mako 6 da suka wuce. A ajiye samfurin aikin kowane yaro mai ɗauke da kwanan wata a jaka ta musamman, tare da rajistar kwanakin karatu. A wannan zama a fi mai da hankali ga yaron tsakiya mai shiru, wanda ba ya jarrabawa kamar babba, ba ya kuka kamar ƙarami, yana cika shafukansa ba ya damun kowa, domin irinsa ne ke iya shafe watanni bai fahimci abin da yake kwafa ba. A sa shi ya karanta shafi a bayyane, ya warware lissafi yana bayyana matakan da bakinsa. Idan yaro ya kai shekara 7 ko 8 ana koya masa karatu a kai a kai amma ba ya gaba, a fara da gwajin ido da na kunne, sannan a nemi ƙwararre ya duba ko yana da matsalar gane rubutu da ake kira disleksiya, a kuma ƙara masa zama na biyu a jerin yini tun daga zangon da ke tafe, ko da hakan zai sa a ajiye wani darasi na haɗin gwiwa zuwa wani lokaci.